Yajin Aikin Jirgin Ƙasa na 1947 da Dokar da Ta Biyo Baya

 Firarmu ta yau a kan yajin aiki take, wato ma'aikata su aje aiki gaba ɗaya sai an biya masu bukata.

A zamanin mulkin Faransa, ku tambayi tsofaffi, ana aikin dole babu biya. An soke shi ran 11 ga Afrilu 1946. Amma bambanci bai ƙare ba. A hanyar jirgin ƙasa, Bature da baƙar fata suna aiki iri ɗaya, albashinsu da gidajensu daban. Ma'aikata suka nemi a sa kowa cikin tsari guda. Aka daɗe ana zama, shugabanni ba su yarda ba.

Ran 10 ga Oktoba 1947, ma'aikata wajen 20,000 suka aje aiki a Senegal, Sudan ta Faransa wato Mali ta yau, Gine, Kodebuwa da Dahome. Yajin bai ƙare ba sai ran 19 ga Maris 1948. Fiye da wata 5 iyalai ba su ga albashi ba, kaya suka yi ta jira a tasha. Daga ƙarshe aka koma aka zauna, aka ba da tsari guda da ƙarin albashi. Da an ji kukansu tun farko, da ba a yi wannan hasara ba.

Jirgin nan bai iso ƙasarmu ba, amma amfanin yajin ya iso. Bayan wani yajin na kwana ɗaya, ran 3 ga Nuwamba 1952, majalisar Faransa ta amince da dokar aiki, aka ƙaddamar da ita ran 15 ga Disamba 1952, har da Nijar a ciki. Dokar ta ƙayyade aikin mako awa 40. Ta ba ma'aikata ikon zaɓen wakilansu, masu kai kuka wurin shugaba. In saɓani ya tashi, sai insipektan aiki ya shiga tsakani tun ba a aje aiki ba. Dokarmu ta 2012 ma ta riƙe wakilai da insipekta.

To, kai mai ɗaukar ma'aikata, ko birkila ne ko ɗan ƙodago a gona, ku yanke lada da ranar biya tun kafin a soma. Kai ma'aikaci, yanzu da ka iya karatu, a rubuta yarjejeniyar, ka karanta da kanka kafin ka sa hannu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.