Zanen bango: daga hannun magina zuwa fentin feshi

Zanen bango na titi, wanda ake kira "grafiti", ya yi ƙarfi a birnin New York wajen 1970, da gwangwanin fentin feshi. Amma ƙawata bangon da ke kallon hanya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa da Abzin.

Magina kan yi zane tun yaɓe yana ɗanye: su tayar da laka da yatsa, ko su sassaƙa ta da wuƙa, sannan su shafe ta da makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, don ta jure ruwan sama. Dagi shi ne zanen da aka fi sani. A Zariya har keke da mota magina suka riƙa fitarwa a fuskar gida. A unguwar Birni ta Damagaram akwai irin waɗannan gidaje, a Agadas kuma gidan Sidi Ka, da ake kira gidan mai burodi, ya yi suna saboda adon ɗakunansa.

A yau masu zane da dama suna komawa ga sana'ar gado. Esther Mahlangu ta Afirka ta Kudu, wadda ke zane da gashin kaza kamar yadda matan Ndebele ke yi wa gidajensu, ta ƙawata motar BMW a 1991. A 2012 eL Seed ya haɗa rubutun Larabci da grafiti a hasumiyar masallacin Jara, a garin Gabes na Tunisiya. Hawad, ɗan Abzin, da baƙaƙen Tifinag yake zanensa.

Agadas ba ta rasa abin ɗauka: ga kurus ɗin Agadas da maƙera ke zubawa da azurfa ta hanyar kakin zuma, ga adon fatar dukawa. Sai dai bangonta na ƙasa ne. Tun 2013 tsohon garin, da masallacinsa mai hasumiyar mita 27, yana cikin kayan tarihin duniya na UNESCO. Suminti da fentin mai suna tsare danshi a cikin tubali har ya ruɓe daga ciki. Rushewar tsohon masallacin Birni a Damagaram, a daminar 2024, ta nuna yadda ruwa ke cin ginin ƙasa. Saboda haka mai son zane a irin wannan bango, da magini zai fara shawara, ya yi aiki da jar ƙasa da farar ƙasa.