Malam Muhammadu Bakatsine da lissafin da ke cikin hatimi

Mu da muka tashi a Lausu ta ƙasar Rano, mun saba ganin hatimi a kan allo ko cikin laya, amma ba mu taɓa ɗaukarsa a matsayin lissafi ba. A wajenmu asiri ne na malamai kawai. Alhali ƙaramin hatimin nan mai gida tara, lambobi ne daga 1 zuwa 9 aka jera, ta yadda ko a tsaye ka tara su, ko a kwance, ko a karkace, 15 za ka samu.

Wanda ya fi yin suna a wannan fanni daga ƙasar Hausa shi ne Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wato Bakatsine. Ya bar gida ya tafi aikin hajji, daga nan ya zauna a Alƙahira ta Masar. A wajen 1732 ya rubuta littafi da Larabci inda ya bayyana hanyoyin gina hatimi mai layukan mara, wato 3, 5, 7 har sama. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin nan Abdurrahman al-Jabarti. Gaskiya ne malamin ya haɗa aikinsa da ilmin haruffa da taurari, kamar yadda malaman zamaninsa suke yi. Amma ni a ganina rashin adalci ne a ce don haka za a yi watsi da lissafin, domin ko an cire asirin, jimla tana nan daram.

To, ina haɗin hatimi da lambobin da ba sa rabuwa? Ina nufin irin su 5, 7, 11, 13, waɗanda ba abin da ke raba su sai 1 da su kansu. Mai karatu, gwada da kanka. Akwai hanyar cika hatimi da ake bi da tsallen doki irin na wasan ces, gida biyu gaba, ɗaya gefe. A hatimi mai layi 5 kowane layi zai ba ka 65, mai 7 ya ba ka 175, mai 11 kuwa 671, har karkatattun layukan da suka karye a baki suka ɓullo ta ɗaya gefen su ma su yi daidai. Da ka zo kan 9 ko 15 sai tsallen ya yi tuntuɓe, don 3 tana raba su.

Su Turawa farautar manyan lambobin nan suka sa gaba. Wani limamin Kirista Bafaranshe, Marin Mersenne, wanda ya rasu a 1648, ya yi nazarin waɗanda ake samu in an riɓanya 2 da kanta sau da yawa aka cire 1. A 1772, shekara 31 bayan rasuwar Bakatsine, Leonhard Euler ya tabbatar cewa 2,147,483,647 ba ta rabuwa, kuma da alƙalami ya yi. Shi ma, abin sha'awa, ya yi rubutu kan hatimi. A Oktoban 2024 kuwa, wani Ba'amurke Luke Durant ya gano wata daga zuriyar Mersenne ta hanyar kwamfutoci, mai lambobi 41,024,320 a jere.