Bangladesh: Yadda matsin lambar 'yan fafutikar waje ya shafi ma'aikatan ɗinki

Masana'antun ɗinkin tufafi na Bangladesh, masu ɗauke da ma'aikata kusan miliyan huɗu, sun fuskanci matsin lamba mai ƙarfi daga Amurka da Turai har sau biyu, kuma kowanne da abin da ya haifar.

A 1992 Sanata Tom Harkin ya gabatar wa majalisar dattawan Amurka ƙudurin haramta shigo da kayan da yara ƙanana suka yi aikinsu. Ƙudurin bai zama doka ba, amma tsoron rasa kasuwa kaɗai ya sa masu masana'antu suka shiga korar yara. Rahoton UNICEF na 1997 ya ƙiyasta cewa an sallami kimanin 50,000, akasarinsu 'yan mata. Da yawa ba makaranta suka nufa ba: fasa dutse da talla suka koma, wasu har karuwanci, domin talaucin da ya kai su bakin keken ɗinki yana nan daram. Sai a 1995 ƙungiyar masu masana'antun ta ƙulla yarjejeniya da UNICEF da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, aka buɗe wa yaran makarantu tare da ba su tallafin taka 300 duk wata.

Karo na biyu ya biyo bayan rugujewar benen Rana Plaza a Savar, kusa da Dhaka, ranar 24 ga Afrilu 2013, inda mutum 1,134 suka rasu. A wannan karon ƙungiyoyin ƙwadagon ƙasar da takwarorinsu na duniya sun nemi kamfanonin waje su ci gaba da sayayya, amma su ɗauki alhakin gyara. Fiye da kamfanoni 200 suka sa hannu a yarjejeniyar kare gine-gine da kiyaye gobara, wadda doka ta tilasta musu cika ta, aka kuma binciki masana'antu sama da 1,600. Walmart da Gap sun ƙi shiga, suka kafa nasu tsarin. A ƙarshen shekarar mafi ƙarancin albashi ya tashi daga taka 3,000 zuwa 5,300.

Fargabar cewa ayyuka za su gudu ba ta tabbata ba, don cinikin tufafin ƙasar ya ci gaba da hauhawa har ya haura dala biliyan 40 a 2022. Sai dai ƙananan masana'antun da ke karɓar ragowar kwangila a bayan fage, inda haɗarin ya fi yawa, galibinsu binciken bai kai gare su ba.