Shekarar da Ingila ta Rufe Ɗakunan Yi wa Matattu Addu'a

A kan gadar Wakefield na tarar da wani ƙaramin ɗakin ibada na ƙarni na 14. A da, limaman Katolika kan yi wa matattu addu'a a irinsa, don a sassauta musu zangon tsarkakewa da suka yi imani ana bi kafin aljanna. Furotesta kuwa suka ce bangaskiya ga Almasihu kaɗai ke ceto, kuma mutum na cikawa makomarsa ta tabbata, babu wani zango a tsakani. A 1547, zamanin Sarki Edward na Shida, majalisa ta yi dokar rufe waɗannan ɗakuna, gidan sarauta ya karɓe dukiyarsu. Ku duba fa, 'yan'uwa: mutane sun bar wasiyyar gonakinsu don a dinga yi musu addu'a har abada, doka ɗaya ta katse ta.