Daga Kurtun Tawada Zuwa Akwatin Launi: Tarihin Kayan Zane a Kwarin Rima

Wanda ya yi niyyar sayen kayan zane don ya ba ɗan'uwansa da ya ajiye alƙalami shekara da shekaru, yakan tsaya a shago yana duban kwalaye masu launi ashirin da huɗu, yana zaton yawa shi ne karamci. Sau da yawa irin wannan kyauta kan bushe a lungun ɗaki, mai ita kuma ya sake yin zuciya da sana'ar. Tarihin Birnin Kebbi da Argungu yana da abin da zai gaya wa mai wannan niyya, domin a ƙasar nan an daɗe ana haɗa launi, kuma an daɗe ana bayar da shi kyauta.

A shekarar 1805 ne rundunar jihadi, ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ta ci Birnin Kebbi. Daga baya Kabawa suka kafa sabuwar fadarsu a Argungu, Gwandu kuwa ta zama matattarar malamai da masu kwafar littattafai. Shi kansa Malam Abdullahi ya bar rubuce-rubuce masu yawa, ciki har da tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, kuma kowane kwafi da hannu aka yi shi. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka Gwandu a 1853, a can ya samu aron littafin Tarihus Sudan, ya kwafi abin da ya iya kafin ya wuce ta Birnin Kebbi. Garin da ake samun irin wannan littafi gari ne da ya san darajar tawada da takarda.

Tawadar kuwa iri biyu ce, kuma bambancinsu shi ne darasi na farko. Ta allo ana yin ta da gawayi ko baƙin tukunya, a dama da ƙaro da ruwa, don ta wanku cikin sauƙi. Ta takarda ana jiƙa 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera, sai ta kama shafi ta zauna shekaru aru-aru. Marubucin Alƙur'ani yakan sa baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, sannan ya ɗiga rawaya da kore a wuraren da ƙa'ida ta tanada. Launi huɗu ke nan kacal, amma da su aka ƙawata shafukan da har yau ake kallo da sha'awa. Alƙalaminsa karan gamba ne da ya fiƙe da kansa.

Abin da ba a iya yi a gida shi ne takarda, don haka ita ce mai tsada. Mafi shahara ita ce mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ake yi a arewacin Italiya, fatake su ratso Sahara da ita. Malami yakan samu ƙaro da bagaruwa a bayan gari, amma kuɗinsa a kan takarda yake ƙarewa.

Ita ma kyautar zane tana da asali. Idan yaro ya sauke Alƙur'ani, iyaye kan sa a yi masa allon zayyana, a kewaye ayoyi da zane-zane masu launi, a nuna wa dangi ranar walima. Mai zayyana ya san cewa fuskar allo ce ke yanke hukunci kan irin launin da zai hau ta.

Kayan zanen Turawa sun biyo wata hanya. A 1841 wani Ba'amurke mai zane, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun ƙarfe mai matsuwa da ake ɗura fenti a ciki. Fentin akirilik, mai saurin bushewa, ya bazu daga shekarun 1950. A Arewa, kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ce babbar ƙofarsu, kuma a can ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suna kira da a haɗa fasahar gida da ta waje.

Haɗin ma ya riga su faruwa a cikin kayan. Launin ruwa na masu zane, wanda ake sayarwa ƙulle-ƙulle a ɗan akwati, ƙaro ne ke riƙe shi, kamar tawadar allo, kuma Nijeriya na cikin manyan masu fitar da ƙaron tare da Sudan da Chadi. Shi ya sa idan ya bushe, ɗigon ruwa ya isa ya farfaɗo da shi. Akirilik kuwa in ya daskare ya tafi ke nan, ga shi iskar hunturu da zafin bazara, da kan haura digiri 40 a Birnin Kebbi, ba sa ba shi lokaci. Hannun da ya daɗe bai yi aiki ba yana buƙatar kayan da za su yi haƙuri da shi.

Saboda haka lissafin malaman Gwandu bai tsufa ba: launuka kaɗan masu kyau, buroshi biyu ko uku da ba sa zubar da gashi, sauran kuɗin a zuba a takarda mai kauri wadda ba ta lanƙwashewa idan ta sha ruwa, a kuma sayo ta da yawa don kada mai zane ya ji tsoron ɓatawa. Abin zanawa kuwa yana kusa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, shi ma ya tsaya bayan 2009, sai a 2020 masunta suka sake faɗawa Matan Fada da gorunansu da homarsu.