Daga Yaba zuwa Asibitin Malam: wai maganin ciwon damuwa yana aiki kuwa?

Jiya bayan sallar isha'i gardama ta kaure a majalisarmu ta Hotoro kan maganin ciwon damuwa, wanda yaran yanzu ke kira difireshon. Wani ya ce ai turawan da kansu sun gano ƙwayar ba ta komai, kasuwanci ne kawai. Wani ya ce ƙaninsa ya sha kwana goma, ban da barci da bushewar baki bai ga komai ba, sai ya watsa ta a kwata. Na ukun dattijo ne da nake ganin girmansa, ya ce mu dai da ba mu san wannan ciwo ba, na turawa ne da 'yan boko. Ban tanka ba, don ni ba likita ba ne, ma'aikacin gwamnati ne mai jan fayil. Amma na yi shekara biyu ina raka wani abokin aikina asibiti kan wannan lalura, dole ta sa na yi karatu. Ku yi haƙuri, rubutun zai ɗan yi tsawo.

Bari in fara da maganar Baba, domin ba shi ya fara faɗin ta ba. A 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafin wani likitan mulkin mallaka, J. C. Carothers, wanda ya yi aiki a asibitin Mathari da ke Nairobi. A ciki ya ce da wuya a samu ciwon damuwa a wurin baƙar fata, wai mu ba mu da zurfin tunanin da mutum zai zauna yana zargin kansa. Me ya sa ya ga haka? Dubi waɗanda ake kai masa. A Najeriya gidajen da turawa suka buɗe, na Kalaba a 1904 da na Yaba a 1907, da dokar mahaukata ta 1916, duk an yi su ne don tsare wanda ke ta da hankalin jama'a: mai jifa, mai tsiraici, mai duka. Wasu ma a kurkuku ake ajiye su. To mai ciwon damuwa wa yake damu? Yana zaune a zaure shiru, ya daina cin abinci, ya daina fita kasuwa. Ɗan doka ba zai taɓa kama shi ba, saboda haka bai shiga lissafin bature ba.

Wanda ya karya wannan magana ɗan ƙasarmu ne, Thomas Adeoye Lambo. Ya yi karatu a Ingila, ya dawo asibitin Aro da ke Abeokuta, a 1954 ya fara ajiye marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye tare da danginsu, maimakon kulle su. Daga baya shi da Alexander Leighton na jami'ar Cornell suka shiga ƙauyukan Yarbawa gida-gida, suka fitar da sakamakon a 1963. Alamun damuwa da fargaba suna nan birjik, kuma kamanninsu kusan ɗaya ne da waɗanda Leighton ya gani a Kanada. Sai dai mu da jiki muke bayyana shi. Ba mai cewa likita ina cikin baƙin ciki. Cewa ake yi tsakar kaina na zafi, wani abu na yawo a jikina, gabana na faɗuwa, ba na barci. Shi ya sa mutum zai sha maganin taifot sau huɗu a shekara ciwon na nan. Abokina haka ya yi.

Su kansu magungunan tsintuwa aka yi. A 1952 a wani asibitin tarin fuka a New York aka lura masu shan wani sabon magani, iproniazid, sun ware suna fara'a alhali huhunsu bai warke ba. A Suwizalan kuma likita Roland Kuhn ya gwada imipramine kan masu taɓin hankali mai tsanani bai yi musu ba, sai ya ga masu damuwa ne ke farfaɗowa, ya bayyana hakan a 1957. Amitriptyline, wanda har yau shi ne mai araha a kemis ɗinmu, ya fito a 1961. Fluoxetine, da aka tallata da sunan Prozac, ya samu izini a Amurka a ƙarshen 1987. Wato tun kafin a fahimci yadda suke aiki aka ga suna aiki.

Yanzu ga mai cewa turawa sun ƙaryata kansu. Yana da 'yar gaskiya. A 2008 Irving Kirsch ya tattaro gwaje-gwajen da kamfanoni suka miƙa wa hukumar magunguna ta Amurka, har da waɗanda ba su buga ba, ya nuna tazarar da ke tsakanin maganin da ƙwayar bogi, wadda ba komai a cikinta, ba ta da yawa sai a wurin masu ciwo mai tsanani. A 2022 Joanna Moncrieff da abokan aikinta suka ce babu ƙwaƙƙwarar hujja cewa ƙarancin sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa ne ke kawo ciwon. Wannan ne ya yi ta yawo a waya. Amma rashin sanin sababin ciwo daban, rashin amfanin magani daban. Babban binciken da aka taɓa yi shi ne na Andrea Cipriani a mujallar Lancet a 2018: gwaji 522, mutum sama da 116,000, magani 21. Dukkansu sun fi ƙwayar bogi, kuma tsohon amitriptyline na cikin na gaba wajen ƙarfi. A taƙaice, kusan rabin masu shan maganin kan samu sauƙi sosai cikin wata biyu, a masu shan bogi kuma kusan ɗaya cikin uku. Ni a ganina wannan ba mu'ujiza ba ce, amma wanda ya taɓa ganin magidanci ya kasa tashi daga katifa ba zai raina wannan tazara ba.

Inda muke faɗuwa a Kano shi ne awo da lokaci. Mun saba da maganin da za ka sha da safe ka ji daidai da azahar. Wannan ba haka yake ba. Illarsa ce ke fara zuwa, barci, bushewar baki, tashin zuciya, amfaninsa kuma sai bayan mako biyu zuwa shida. Ƙanin abokinmu da ya zubar a kwana goma ya sha wahalar ne ya bar ribar. Jagoran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wa ma'aikatan ƙananan asibitoci ya ce babba kan fara amitriptyline da miligiram 25 da dare, a riƙa ƙarawa a hankali zuwa 100 ko 150. Fluoxetine a fara da 10, bayan mako guda a koma 20. Bayan an warke kuma a ci gaba da sha wata 9 zuwa 12. Mu kuwa sai mai kemis ya ba mutum ƙwaya ɗaya ta 25 a matsayin maganin barci, ya sha yau ya bari gobe, sannan a ce an gwada bai yi ba. Wallahi ba a gwada ba.

Akwai kuma masu ninkawa da kansu. Wani bincike na Toshi Furukawa a 2019 ya nuna amfanin irin su fluoxetine yana hawa ne zuwa tsakanin miligiram 20 da 40, daga nan ya tsaya, illa ce kawai ke ci gaba da hawa. Amitriptyline kuwa idan ya yi yawa yana taɓa bugun zuciya, yana kisa, don haka ba a barin sa inda yara suke ko a hannun wanda ke maganar ya gaji da rayuwa. Matasa ma sai an sa musu ido a makonnin farko. Mai ciwon da ke hawa da sauka, yau murna fiye da kima gobe baƙin ciki, maganin shi kaɗai na iya birkita shi. Na kawo alƙaluman nan ne don ku san abin da za ku tambayi likita, ba don wani ya auna wa kansa ba.

Wani abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne masifar kodin da tiramol. Tun rahoton BBC na 2018 da haramcin da ya biyo baya, duk abin da ya shafi ƙwaƙwalwa sunansa ƙwaya, mai shan sa kuma ɗan ƙwaya. Maganin damuwa ba ya bugarwa, ba ya sa mutum neman ƙari. Abin da yake yi shi ne idan aka yanke shi rana ɗaya yana kawo jiri da rashin barci, shi ya sa ake sauke shi sannu a hankali.

Dokar mahaukata ta turawa, wadda aka sabunta a 1958, ita muka yi ta amfani da ita har Janairun 2023, lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Shekara 65 ke nan. Binciken Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya nuna ko ɗaya cikin goma na masu ciwo mai tsanani ba sa samun kulawa, kuma likitocin fannin a ƙasar nan ba su kai 300 ba. Mu nan muna da Dawanau, muna da sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, ga shi nan kusa da Gyadi-Gyadi, Adaidaita ɗaya daga Hotoro. Amma muddin "a kai shi Dawanau" zagi ne a bakinmu, mutane za su ci gaba da zaɓar kemis.

Abokina ya daina shan nasa a wata na biyu, da ya ji ƙarfi ya ce ya warke. Kafin wata uku ya koma gidan jiya, har takardar tuhuma ya samu a ofis kan fashin aiki. Aka sake farawa daga tushe. Yanzu yana wata na bakwai, yana zuwa aiki, ya koma kai yara makaranta da kansa. Ranar ganin likita dai har yanzu a motata muke tafiya, tasa a gida yake barin ta kada wani ya gan ta a bakin sashen.