Ɗagel, Ƙauyen Malamai

Arewa da birnin Sakkwato, a cikin ƙasar Gwadabawa, akwai wani ɗan ƙauye da a ke kira Ɗagel, wanda Turawa su ke rubutawa Degel a littattafansu. Baƙon da bai san labarinsa ba ya iya ratsa shi da rana tsaka ya wuce, bai ga abin da zai tsai da shi ba. Ba shi da ganuwa, ba shi da fada, bai kuwa taɓa yin babbar kasuwa irin wadda fatake su ke yada zango dominta ba. Amma a nan ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya tashi tun yana yaro. A nan kuma jama'arsa ta zauna kafin a yi jihadi.

A zamanin da a ke magana, watau ƙarni na 18, wannan wuri yana cikin mulkin Gobir ne. Sarkin Gobir yana zaune a Alƙalawa, can gabas, a bakin gulbin Rima. Mutanen Ɗagel kuwa Fulani ne, Toronkawa. Asalin kakanninsu daga Futa Toro ne, a ƙasar Sanagal ta yanzu, kuma bisa ga abin da su ke riƙe da shi na tarihinsu, wani kakansu mai suna Musa Jakollo shi ya kawo su wajen Ƙonni. Tun daga nan su ka bazu a ƙauyuka, su na kiwo kaɗan, su na noma kaɗan, amma abin da aka fi saninsu da shi shi ne karatu. Sunan nan Fodiyo ma ba sunan yanka ba ne. Da Fulatanci ma'anarsa malami, kuma laƙabin Muhammadu ne, mahaifin Shehu.

An haifi Shehu a Maratta, wadda yanzu ta ke cikin Jamhuriyar Nijar, a ƙarshen shekara ta 1754. Yana ƙarami iyayensa su ka ƙaura zuwa Ɗagel. A gaban mahaifinsa ya yi karatun Alƙur'ani, sa'an nan ya shiga littattafai a hannun 'yan'uwan iyayensa, irin su Usmanu Binduri da Muhammadu Sambo. Daga baya ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Wannan ya nuna irin wurin da Ɗagel ta ke tun kafin sunanta ya fita: ƙauye ne inda yaro zai sami malamin nahawu da malamin fiƙihu a cikin danginsa, ba sai ya tafi Katsina ko 'Yandoto ba.

Da ya kai shekara ashirin, wajen 1774, sai ya fara wa'azi a nan Ɗagel. Sa'an nan ya riƙa fita, ya je Kabi, ya je Zamfara, inda ya yi kamar shekara biyar yana kiran mutane ga addini. Ƙanensa Abdullahi yana tare da shi a yawancin tafiye-tafiyen nan, shi ne kuwa ya rubuta labarinsu a littafinsa Tazyinul Waraƙat. A cikin wannan lokaci ne Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami, ran Babbar Salla, wajen 1788, ya yi musu kyauta. An miƙa wa Shehu zinariya miskali 500, ya ƙi karɓa. Maimakonta ya roƙi abu biyar: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah a cikin ƙasar, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kada kuma a nauyaya wa talakawa haraji. Bawa ya yarda da duka.

To, ga abin lura. Malamin da sarki ya girmama haka, bisa ga al'adar zamanin, sai ya tare a birni kusa da fada, ya riƙa yi wa sarki addu'a, a na ba shi riguna da bayi. Shehu bai yi haka ba. Da ya gama yawon wa'azi sai ya komo ƙauyensu ya zauna, tun wajen 1793 har zuwa 1804. Nisan nan da ke tsakanin Ɗagel da Alƙalawa ya yi wa jama'a amfani ƙwarai, gama ya ba su wuri su shirya zamansu yadda su ke so, ba idon dogari a kansu kullum.

A cikin shekarun nan goma ne ƙauyen ya cika. Ɗalibai su ka riƙa zuwa daga Kabi da Zamfara da Adar da Azbin, har da nesa da nan. Waɗansu su yi wata biyu su koma, waɗansu su kawo iyalinsu su kafa bukka. Ba Fulani kaɗai ba ne. Akwai Hausawa, akwai Azbinawa, akwai 'ya'yan sarauta, akwai waɗanda ba su da kowa. Sunan da su ka kira kansu da shi, Jama'a, bai ambaci kabila ba, bai ambaci gari ba.

Gidan Shehu shi ne tsakiyar wurin, ga masallaci kusa, ga fili inda a ke taruwa. Kewaye da shi akwai gidan Abdullahi, da na amininsa Umaru Alkammu, da gidajen marubuta da masu karantar da yara. Da asuba bayan salla sai a ji muryar yara da allunansu. Da hantsi manya su zauna a gaban malamai, kowa da littafinsa, a karanta masa layi a fassara, ya tashi wani ya zauna. Bayan la'asar Shehu ya kan fito ya karantar da tafsiri da hadisi da fiƙihu. Daren Jumma'a kuwa na kowa da kowa ne. Ɗansa Muhammadu Bello ya ba da labari a littafinsa Infaƙul Maisur, cewa in Shehu ya fito wurin taro ya kan yi sallama da murya wadda kowa zai ji, fuskarsa a sake, ba ya nuna gajiya da masu tambaya, ko da sun katse shi a tsakiyar magana. Da Fulatanci da Hausa ya ke yi wa talakawa bayani. Abin da ya ke so su riƙe kuwa sai ya sa shi a waƙa, domin makiyayi da mai daka su iya haddacewa ba tare da takarda ba.

Aikin littafi a wannan zamani ba ƙaramin aiki ba ne. Babu injin bugawa. Takarda daga hayin hamada ta ke zuwa a bayan raƙumi, da tsada ƙwarai. Tawada a gida a ke dafa ta, a sa mata ƙaro, alƙalami kuwa a feƙe shi da wuƙa. Wanda ya ke son littafi sai ya aro, ya zauna ya kwafe shi da hannunsa warƙa warƙa, ko ya biya marubuci. In an gama, ba a ɗinke shi, sai a haɗa warƙoƙin a tadarishi a sa a gafaka. Da irin wannan wahala aka yaɗa Ihya'us Sunna, babban littafin da Shehu ya wallafa wajen 1793, har ya kai garuruwan da shi kansa bai taɓa takawa ba.

Ba karatu kaɗai a ke yi ba, gama ciki ba ya jiran a sauke littafi. Da damina a kan yi noman gero da dawa. Fulanin da ke rugage kusa su na kawo nono. Mata su na daka, su na kaɗi, su na ɗebo ruwa. Shi kansa Shehu, an ce, igiya ya ke tufkawa a sayar, da kuɗinta ya ke cin abinci, ba ya taɓa abin da aka kawo masa sadaka sai ya rabar. Ko da a ce masu ba da labari sun ƙara gishiri, abin da almajiransa su ka zaɓa su tuna da shi ke nan, malami da igiya a hannu, ba malami a kan doki da kayan ado ba.

Abin da ya fi bambanta Ɗagel da sauran wuraren karatu na zamanin shi ne sha'anin mata. Tun a Zamfara wani malami, Mustafa Gwani, ya zargi Shehu da cewa mata su na halartar wa'azinsa tare da maza. Shehu ya sa Abdullahi ya ba shi amsa, cewa barin mata cikin jahilci ya fi wannan muni, su kuwa a na keɓe musu wurin zamansu. A littafinsa Nurul Albab ya yi faɗa ƙwarai da malaman da su ke karantar da ɗaliban waje domin neman suna, su bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san ko hukuncin salla ba. A gidansa ya fara gyara. Matansa, irin su Maimuna da A'ishatu da Hauwa'u mahaifiyar Bello, masu ilmi ne, kuma a ɗakunansu yara su ke fara karatu. A nan Ɗagel aka haifi 'yarsa Nana Asma'u wajen 1793, ita da ɗan'uwan tagwaicinta Hasan. Yarinyar nan da ta riƙe allo a wannan ƙauye ita ce daga baya ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa 'yan taru, watau matan da jajis su ke jagoranta daga ƙauyuka zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma su koya wa 'yan'uwansu.

Ƙauyen da ya tara mutane haka, ba sarki ya tara su ba, dole fada ta sa masa ido. Bayan Bawa aka yi Yakuba, bayan Yakuba aka yi Nafata. Nafata ne ya sa aka yi shela a kasuwanni cewa ba mai yin wa'azi sai Shehu shi kaɗai, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin ubansa, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Dokar ta nufi Jama'a ne kai tsaye, gama rawani da lulluɓi su ne alamarsu. A wajen nan kuma Shehu ya riga ya fara gaya wa mutanensa cewa tanadin makami sunna ne. Kowane gefe yana ganin abin da ɗayan ke yi, tsoro yana ƙaruwa.

Da Yunfa ɗan Nafata ya hau gadon sarauta, wajen 1802, abin ya tsananta. Wani almajirin Shehu, Abdussalami, ya riga ya tashi da mutanensa ya koma Gimbana a ƙasar Kabi. A ƙarshen 1803 rundunar Gobir ta faɗa wa Gimbana, ta kashe mutane, ta kama saura. Da za su koma gida sai su ka biyo da kamammun ta gefen Ɗagel, a ɗaure, a gaban idon 'yan'uwansu. Mutanen Ɗagel ba su iya daurewa ba, su ka fita su ka kwance su.

Yunfa ya aiko wa Shehu cewa ya fita daga ƙauyen, shi da iyalinsa kaɗai, ya bar saura. Ma'anar saƙon a fili ta ke. Shehu ya amsa cewa ba zai rabu da jama'arsa ba, amma zai bar wa sarki ƙasarsa, shi da duk wanda ya so binsa. Daga baya Yunfa ya sake tunani ya aiko a zauna, amma ba wanda ya amince.

A watan Zulƙida na 1218, watau Fabrairu 1804, aka tashi. Lokacin rani ne, ruwa ya fara wuya a hanya. Abin da aka fi damuwa da shi a cikin kaya shi ne littattafai. Wani malami Ba'azbine, Agali, ya kawo raƙuma aka ɗora gafakoki, Aliyu Jedo da mutanensa su ka yi rakiya. Aka bar bukkoki da rumbuna da kaburburan iyaye, aka nufi Gudu, a can iyakar Gobir ta yamma, tafiyar kimanin mil 30. Asma'u tana da shekara goma ko sha ɗaya a lokacin. Waɗanda su ka biyo baya daga wasu garuruwa sun sha wuya ƙwarai, gama sarki ya ba hakimansa umurni su tare hanya su ƙwace dukiyar masu ƙaura.

A Gudu aka yi wa Shehu mubaya'a. A watan Yuni na wannan shekara aka yi yaƙin Tabkin Kwatto, Jama'a ta yi nasara. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Bello ya gina Sakkwato a 1809. Shehu ya zauna a Sifawa, sa'an nan ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. Bai sake komawa Ɗagel da zama ba.

Wannan ne ya sa ƙauyen bai girma ba. Dukiyarsa mutane ne da littattafai, duka biyu kuwa sun tafi a rana ɗaya. Ban da haka, ƙasar da ke arewa da Sakkwato ta zama bakin dāga shekaru da yawa, gama Gobirawan da su ka ƙi miƙa wuya su na kawo hari daga Tsibiri. Domin tsare wannan gefe ne Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, wanda ya yi sarauta daga 1859 zuwa 1866, ya yi ribaɗi a Cimmola, kusa da Ɗagel. Daga baya ɗansa Muhammadu Maiturare ya kafa Gwadabawa, ya tara mutane su ka sake cika ƙasar da gonaki, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Garuruwan nan su ka sami ganuwa da hakimai da kasuwa, Ɗagel kuwa ta zauna a matsayin ƙauyen manoma.

Har wa yau masu ziyara su kan je. Wanda ya ziyarci Hubbaren Shehu a Sakkwato, in yana da hali, ya kan ƙarasa Ɗagel ya yi addu'a a kabarin Muhammadu Fodiyo. Mutanen wurin su kan zaga da baƙo, su nuna masa inda gidan Shehu ya ke a da, da inda ya kan zauna ya karantar, sa'an nan su koma gonakinsu.